Makunnin Hannu na Fankar Lagireto: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Taɓa Waya

Waya biyu da makunni ɗaya, a ido aikin minti goma ne. Amma wutar da fankar lagireto take ja ta fi ta yawancin kayan da ke jikin mota, kuma idan aka bi da ita ta hanyar da ba tata ba, abin da ke biyo baya warin roba ne da hayaƙi daga ƙarƙashin dashbod. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Tunda fanka tana tashi da kanta, mene ne amfanin makunnin hannu?

A motar da komai nata ke aiki daidai, amfaninsa kaɗan ne. Fanka tana jiran ruwan inji ya kai wani zafi, yawanci tsakanin digiri 90 zuwa 105 gwargwadon irin motar, sai ta tashi, ruwan ya ɗan huce, ta tsaya. Haka kuma a yawancin motoci tana tashi da zarar an kunna esi.

Inda makunni yake da rana shi ne ga mai jan kaya masu nauyi, ko mai hawa tudu a hankali, ko mai daɗewa cikin cunkoso, wanda yake so ya riga zafin kafin allurar zafin inji ta fara hawa. Yana kuma ceton mutum ranar da sensar zafi, wadda ke sa fanka ta tashi, ta mutu a tsakiyar hanya. Matsayinsa ke nan: mataimaki ne, a bar na asali yana aikinsa, a ƙara wannan a gefensa.

Fankata ta daina tashi gaba ɗaya. Ba sai in sa makunni in huta ba?

A'a. Ka fara gano abin da ya kashe ta. Abubuwan da ake zargi ba su da yawa: fiyus, rile (makunnin da ke sakar wa fanka babbar wuta), sensar zafi, soket ɗin da ya yi tsatsa ko ya narke, sai motar fankar kanta, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta. Ka cire soket ɗin fankar ka ba ta wuta daga batir da waya mai fiyus a jiki (wannan ga fanka mai waya biyu kawai). Idan ba ta juya ba, ita ce ta mutu, kuma babu makunnin da zai tashe ta. Idan ta juya, ka koma kan rile. Sau da yawa akwai wani irinsa a cikin akwatin fiyus, misali na ham, sai ka musanya su ka gani.

Idan sensa ce, canja ta ya fi ja sabuwar waya sauƙi. Dalilin da ya sa nake nacewa a nan shi ne mantuwa. Sensa ba ta amsa waya, ba ta hira da fasinja, ba ta ba wa wani aron mota. Direba yana yin duk waɗannan. Mantuwar minti goma cikin cunkoso ta isa ta ƙona gasket ko ta lanƙwasa kan silinda, garin neman gira a rasa ido.

Me zai hana in ja waya daga batir zuwa makunni, daga makunni zuwa fanka?

Nauyin wutar ne zai hana. Fanka ɗaya tana jan amfiya 10 zuwa 25 idan tana cikin gudu, manya suna wuce haka, kuma a daidai lokacin tashi tana fizgar ninki biyu ko uku na ɗan ƙanƙanin lokaci. Ƙananan makunnan da ake maƙalawa a dashbod ba don irin wannan aka yi su ba. Ko an rubuta 20A a jikinsu, sau da yawa lissafin wutar gida ne. Wutar batir ta fi wuyar yankewa, tana tartsatsi a bakin ƙarfen duk lokacin da aka kashe, har bakin ya cinye ko ya manne.

Na taɓa buɗe dashbod ɗin wata mota da aka yi wa irin wannan haɗin. Bayan makunnin ya zama kamar kakin da rana ta bugi, ƙafafunsa biyu sun karkace sun kusa taɓa juna, rigar wayar ta yi baƙi ta bushe har tana farfashewa a hannu, tsawon yatsa guda. Babu fiyus ko ɗaya a layin. Mai motar ya ce ya daɗe yana jin wari, ya ɗauka tabarmar ƙasa ce. Abin da ya rage tsakanin ƙafafun nan biyu bai kai kaurin katin waya ba.

Ban da haka, haɗin kai tsaye yana nufin wuta mai nauyi za ta yi doguwar tafiya, daga batir ta shiga cikin mota ta wuce kusa da gwiwarka, sannan ta koma wajen fanka. Kowace mita tana cin wani abu daga ƙarfin wutar, fankar ta riƙa juyawa a sanyaye.

To mene ne rile, kuma me lambobin da ke ƙarƙashinsa suke nufi?

Rile makunni ne mai ƙarfi da ƙaramar wuta take sarrafawa. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya da ke zama maganaɗisu idan ya sami wuta, ya jawo wani ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Naɗin ba ya cin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ɗaya. Ke nan makunninka ba ya ɗaukar kaya, umarni kawai yake bayarwa.

Lambobin sun fito ne daga ƙa'idar Jamus ta DIN 72552, shi ya sa za ka same su iri ɗaya a rile na kamfanoni daban-daban. Lamba 30 ita ce mashigar babbar wuta daga batir. Lamba 87 ita ce mafitarta zuwa fanka. Lamba 85 da 86 su ne bakunan naɗin. Idan rilen mai ƙafa biyar ne, ta tsakiya, 87a, tana da wuta ne lokacin da rilen yake kashe, don haka a wannan aikin ba a haɗa ta da komai, rufe ta ake yi kada ta taɓa ƙarfe. Ka nemi rile mai ɗaukar amfiya 30 ko 40, da soket ɗinsa.

Wasu rile suna da dayod a ciki (abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai), za ka ga zanensa a jikin murfin. Irin waɗannan ba a juya su: 86 ne fositif, 85 ne nagetif. Ka saba da haɗa kowane rile haka, ko da babu dayod.

Yaya haɗin yake, daki-daki?

Kafin komai ka cire kan batir na nagetif, ka kawar da shi gefe. Injin kuma ya huce.

Babbar hanya: waya mai kauri daga fositif ɗin batir zuwa mazaunin fiyus, daga fiyus zuwa 30, daga 87 zuwa wayar fositif ta fanka. Nagetif ɗin fanka ya tafi bodi (ƙarfen jikin mota, wanda ke haɗe da nagetif ɗin batir) ko kan batir, da waya mai kauri ɗaya da ta fositif. Mutane suna raina wannan wayar, alhali duk wutar da ta shiga fanka ta nan take fita.

Ƙaramar hanya: 86 ya sami wuta daga layin da ke zuwa sai an murɗa makulli, ta ƙaramin fiyus na amfiya 3 ko 5. Daga 85 ka ja siririyar waya guda ɗaya zuwa makunnin da ke dashbod, ɗaya ƙafar makunnin kuma ta tafi bodi. Da ka danna, naɗin ya sami bodi, rile ya ce ƙas, fanka ta tashi.

Na fi son makunni ya kasance a ɓangaren bodi saboda dalili ɗaya. Idan wata rana wayar nan ta goge ta taɓa ƙarfe, iyakar abin da zai faru shi ne fanka ta tashi ba a kira ta ba. Da wayar fositif ce, shot ne.

Shi kuma rilen a ɗaure shi a ɗakin inji kusa da batir ko fanka, ƙafafunsa suna kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a soket, nesa da salansa. Inda za ka ɗaura wayar bodi, ka kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, ka sa zobe, ka matse da noti.

Wane fiyus zan sa, kuma a ina?

A kusa da batir, kada tazarar ta wuce taƙi guda. Aikin fiyus kare waya ne, kuma duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaro. Wanda ya sa fiyus a kusa da fanka ya bar mita guda ko biyu na waya mai rai tana yawo a ɗakin inji, ranar da ta goge da ƙarfe za ta yi ja kamar garwashi.

Girmansa kuwa, ka duba abin da aka rubuta a jikin fankar, ko girman fiyus ɗin da kamfani ya ba ta a akwatin fiyus. Fankar da ke jan amfiya 15 takan zauna lafiya da fiyus na 25 ko 30 saboda fizgar tashi. Launinsu yana taimakawa: na 10 ja ne, na 15 shuɗi, na 20 rawaya, na 30 kore. Sharaɗin da ba a tsallakewa shi ne kada fiyus ya fi ƙarfin wayar da yake karewa.

Idan fiyus yana yawan yankewa, magana yake yi maka. Ko fankar ta tsufa tana jan wuta fiye da kima, ko wani abu ya tokare ta, ko waya ta goge. Ƙara masa girma, ko naɗa masa zaren waya, rufe bakin mai faɗa maka gaskiya ne.

Kaurin waya fa?

Babbar hanya: milimita murabba'i 4 ga fankar da ba ta wuce amfiya 25 ba, 6 ga wadda ta fi haka ko idan tafiyar tana da tsawo. A ma'aunin Amurka, kusan lamba 12 da lamba 10 ke nan. Ƙaramar hanya: 0.75 ko 1 ya wadatar.

Ta zama wayar mota mai zare-zare. Wayar gini mai silli ɗaya ba ta jure girgiza, karyewa take yi a cikin rigarta. Ka kuma kankare zaren da wuƙa ka duba: idan ciki ya fito fari, alminiyom ne aka yi wa rufin tagulla, kuma ba ya ɗaukar abin da tagulla zalla take ɗauka. Kaurin riga ma yana ruɗi, zaren ciki ake dubawa.

Ina so fanka ta riƙa aiki ko mota tana kashe. Zan iya ɗaukar wutar 86 daga batir?

Za ka iya, amma ba na ba da shawara. Batir mai 60Ah da fanka mai jan amfiya 15, a lissafi awa huɗu ne ya ƙare tas, kuma tun kafin nan zai kasa juya inji. Ribar ma kaɗan ce, domin da zarar inji ya tsaya, a yawancin motoci famfon ruwa ya tsaya, fankar tana sanyaya ruwan da ke lagireto ne kawai. Motocin da suke buƙatar fanka bayan an kashe su, kamfani ya riga ya tsara musu hakan da ƙayyadadden lokaci.

Yaya zan haɗa shi ba tare da na lalata tsarin asali ba?

Nan ne aikin yake, kuma amsar ta danganta da abin da ke ba fankarka umarni.

A tsofaffin motoci akwai makunnin zafi da aka ɗaura a jikin lagireto ko kusa da tamosta (bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi). Idan irin wanda yake haɗewa ne lokacin da ruwa ya yi zafi, kuma rile yake tayarwa, to ba ka buƙatar sabon rile ma. Ka ja siraran wayoyi daga bakunansa biyu zuwa makunninka. Ko wanne ya haɗe a cikinsu, fanka za ta tashi. Sai dai ka kalli kaurin wayoyinsa tukuna. A wasu motoci, irin tsofaffin Volkswagen, duk wutar fankar ta cikin makunnin zafin take bi, wayoyin masu kauri ne, kuma a nan dole rile ya tsaya a madadin makunninka. Wasu tsofaffin Toyota kuma akasin haka suke: makunnin zafinsu a haɗe yake lokacin sanyi, yana buɗewa ne da zafi, shi ya sa idan ka zare soket ɗinsa fanka take tashi. A irin waɗannan, makunninka yanke layin zai yi, ba haɗawa ba.

A motocin da kwamfutar inji take kula da fanka, yawanci ita ce take ba naɗin rile bodi. Ana iya ƙara makunni zuwa bodi a wannan wayar, amma wasu kwamfutocin suna sa ido a kanta, su ga abin da ba su ba da umarni ba, su kunna fitilar gargaɗin inji, wato cek, da lambar matsala irin P0480. Dayod kamar 1N4007 tsakanin kwamfutar da wurin da ka yi haɗin yana raba su a motoci da dama. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne aika fositif cikin wannan wayar. Nan take za ka iya ƙona ɓangaren kwamfutar da ke kula da fanka.

Idan ba ka da taswirar wayoyin motarka, ka samo ta kafin ka yanka komai. Launin waya kaɗai ba hujja ba ne.

Fankata tana da wayoyi uku ko huɗu da wani akwati a jikinta. Haɗin ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan zan ce ka dakata. Wannan fanka ce da kwamfuta take sarrafa gudunta ta siririyar wayar sigina, akwatin shi yake karɓar saƙon ya ƙara gudu ko ya rage. Wayoyi biyu masu kauri su ne fositif da nagetif, kuma ta fositif tana da wuta kusan koyaushe. Rile ba ya iya yi mata magana, kuma ba wa wayar siginar volt 12 yana iya kashe akwatin. Wasu ma motarsu ba ta da burushi, ba ta juyawa sam sai da akwatin. Irin wannan gyara take so, ba makunni ba.

Motata fanka biyu gare ta.

Kowace da rilenta da fiyus ɗinta. Makunni ɗaya zai iya tayar da naɗin duka biyun. Amma ka bincika ko suna da gudu biyu. Wasu motoci suna jera fankokin a layi ɗaya don ƙaramin gudu, su raba su don babba, ta amfani da rile uku. A irin wannan tsarin wayar da kake ɗauka fositif ce tana iya komawa bodi a wani yanayi, idan ka cusa mata wutar batir sai fiyus ya tashi, in an yi sa'a. Mafita ita ce ka tayar da rile na asali, kada ka taɓa wayoyin fankar.

Ta ina zan shigar da waya cikin mota?

Ta robar da sauran wayoyi suke bi a bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Idan dole sai ka huda sabon rami, ka leƙa bayansa tukuna, sannan ka sa masa zoben roba. Bakin ƙarfe tsirara yana yanka rigar waya a hankali, wata shida ko shekara. Ka sa wayar cikin tiyon kariya, ka ɗaure ta kowane taƙi biyu, ka nisanta ta da fambel, da salansa, da sandar sitiyari, da birki da totur. Wayoyi da soket masu launin rawaya a ƙarƙashin dashbod na jakar iska ne, ko fitilar gwaji ba a soka musu. A mota mai haɗin batir da fetur, manyan wayoyi masu launin lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa.

Haɗin waya kuma a matse shi da kan waya na ƙarfe, ko a like da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya biyu a naɗe da tef gyaran gangar Auzinawa ne, zafin inji yana sakin tef ɗin cikin 'yan makonni.

Na gama. Yaya zan gwada?

Ka bar babban fiyus a aljihu, ka mayar da kan batir, ka murɗa makulli, ka danna makunni. Ka ji ƙas? Ƙaramar hanya ta yi. Yanzu ka sa fiyus, ka janye hannu da hannun riga daga fanka, ka sake dannawa.

Sai ka duba inda iska take bi. Ka riƙe takarda a gaban lagireto, ya kamata ta manne, wato iska tana shiga daga gaba tana wucewa wajen inji. Idan tana ture takardar, wayoyin fankar a juye suke, kuma fankar da ke juyawa baya tana kokawa ne da iskar hanya.

Ka bar ta minti biyar, ka taɓa waya da fiyus da soket ɗin rile. Ɗumi kaɗan ba laifi, abin da ya gagari yatsa alama ce ta sakakken haɗi ko siririyar waya. Da mitar awon wuta, bambancin wutar batir da wadda ta isa fanka bai kamata ya wuce rabin volt ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa: ka kashe makunninka, ka bar inji ya yi zafi a tsaye, ka jira ka ga fanka ta tashi da kanta. Idan ba ta tashi ba, aiki bai ƙare ba.

Barin fanka a kunne koyaushe yana da illa?

Idan tamosta tana nan, injin ba zai yi sanyi fiye da kima ba, domin ita take tsare ruwa har ya kai digiri 80 da wani abu. Asarar tana kan fankar da altaneta: burushin fankar yana cinyewa da wuri, kuma amfiya 15 a volt 14 ya haura wat 200 da ake ɗora wa altaneta a banza. A kan babbar hanya iskar da ke shiga da kanta ta fi ta fanka. Idan kuma an cire tamosta sannan aka bar fanka a kunne, injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai.

Akwai makunni mai wuri uku: kunne, kashe, da na kanta. Yana da kyau?

Masu ratsa ruwa mai zurfi ne suke buƙatar wurin kashewa, don kada fukafukan fanka su daki ruwa su lanƙwashe su huda lagireto. Idan ba ka cikinsu, kada ka sa. Idan kana cikinsu, ka haɗa masa jan fitila ko ƙararrawa da ba za ta yi shiru ba sai an mayar da shi, kuma ya kasance mai murfi.

Fitilar makunnina tana ɗan haske a kan hanya alhali a kashe yake.

Iska ce take juya fankar, ita kuma ta koma ƙaramin janareta tana turo wuta baya. Yana faruwa idan aka ɗauki wutar fitilar daga 87. Ba illa ba ce, amma idan yana damunka ka mayar da fitilar ɓangaren naɗi.

Fanka tana juyawa da ƙarfi, amma allura tana hawa.

To matsalar ba ta fanka ba ce. Ka jira inji ya huce sarai kafin ka taɓa murfin lagireto, domin ruwan ciki yana ƙarƙashin matsi, yana iya haura digiri 100 bai tafasa ba, da ka buɗe sai ya yi tsiri a fuskarka. Idan ya huce, ka duba yawan ruwa, da robar murfin, da ko tamosta ta maƙale a rufe, da famfon ruwa, da ƙurar da ta toshe tsakanin lagireto da na esi. Idan allura tana hawa ne a kan gudu ba a tsaye ba, ka fi zargin toshewar lagireto ko ƙarancin ruwa. Idan kuma ka ga kumfa tana tasowa a bakin lagireto inji yana aiki, ko ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, a gwada gasket.